Hoton Da Zuciya Ke Ɗauka Kafin Ido Ya Gani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da zukata ke ɓoyewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da iyalansa da sahabbansa. 

Kafin mu shiga nasihar wannan mako, bari mu yi ɗan gwaji. Idan aka ce "malami", wa kuka gani? Yawancinmu dattijo muka gani da rawani da furfura, zaune bisa buzu. Idan aka ce "mai kuɗi" fa? Shadda ce mai sheƙi da makullin mota a hannu. To, idan aka ce "ɓarawo"? Kowa ya faɗa wa kansa gaskiya. Ba mai shadda muka gani ba. Saurayi muka gani, siriri, da koɗaɗɗiyar riga da silifas, yana waige-waige. Babu wanda ya kwatanta mana shi. Kalma ɗaya muka ji, zuciya ta ɗinka masa riga, ta yi masa fuska, wani lokaci har da ƙabila da sunan garinsu.

Haka Allah Ya halicci ɗan Adam. Tun yarinta zuciya ke tara abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, daga tatsuniyar kaka zuwa hirar majalisa, zuwa bidiyon da ake turowa a WhatsApp. Da zarar ta ji kalma, sai ta zaro hoton da ya fi kusa. Wannan baiwa tana da amfani, ai da ita ɗan kasuwa ke gane kwandon tumatir da ya kwana a hanya tun kafin ya taɓa shi. Amma kwandon tumatir ba ya da mutuncin da zai zube idan ka yi masa kuskure. Mutum yana da shi.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana ya faru ne a nan ƙofar masallacinmu, kuma da yawanmu mun sani. A cikin daminar nan takalma suka riƙa ɓata, musamman ranar Juma'a. A daidai lokacin akwai wani saurayi da ya zo ci-rani daga gida, yana dako a kasuwa, yana kwana a barandar masallaci. Babu wanda ya gan shi da takalmin kowa. Abin da aka gani kawai shi ne baƙo ne, kayansa sun tsufa, kuma yana kusa da wurin. Wato ya yi daidai da hoton da ke zukatanmu. Wani ya ce wa wani, "Ni dai yaron nan ban yarda da shi ba." Na biyu ya kai gaba ya ce, "An ce shi ne." Na uku ya cire "an ce" ɗin. Wasu suka buɗe jakarsa yana kasuwa, ba su sami komai ba sai tabarma da kaya kala biyu da Alƙur'ani izu biyar. Duk da haka masu kaya suka daina kiransa dako. Wanda ba a ba shi kaya, me zai ci? Wata safiya aka wayi gari ya tafi, bai yi wa kowa sallama ba. Juma'ar da ta biyo baya takalmi ƙafa uku suka ɓace, ta gaba ma haka. Har yau ba mu san mai ɗauka ba. Abin da muka sani shi ne mun kori mai neman halak daga ɗakin Allah, kuma ba mu cire kanmu ba, mu 'yan kwamiti, domin mun ji maganar muka yi shiru.

A Suratul Hujurati, aya ta 12, Allah Ya umarci muminai su nisanci yawan zato, Ya sanar da mu cewa wani zaton zunubi ne. Nan take a cikin ayar Ya hana bin diddigin asirin mutane, sannan Ya hana yi da wani, Ya kamanta mai yin haka da mai cin naman ɗan uwansa matacce. Ku dubi jerin, jama'a: zato, sai bincike, sai gulma. Da wannan jerin muka bi da yaron nan, mataki bayan mataki. A aya ta 6 ta surar kuma an umarce mu da tabbatar da labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Yau ga mu cikin nadamar.

Wani zai ce, to malam, tunda hoton da kansa yake zuwa, ina laifina? Gaskiya ne, zuwansa ba laifi ba ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah Ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata ke rayawa, matuƙar ba a furta ba, ba a kuma aikata ba. Laifin yana farawa ne sa'ad da ka ba hoton nan wurin zama, ka mai da shi shaida, ka yanke hukunci da shi, ka ɗauke shi ka kai majalisa.

Ku tuna ƙissar Uwar Muminai Safiyya (RA). Annabi (SAW) yana i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan, ta zo wurinsa da dare, ya tashi ya raka ta. Wasu mutum biyu daga Ansar suka gan su, suka ƙara sauri. Sai ya tsai da su ya sanar da su cewa matarsa Safiyya ce. Abin ya yi musu nauyi, yaya za a yi su zargi Manzon Allah? Ya bayyana musu cewa Shaiɗan yana gudana a jikin ɗan Adam kamar yadda jini ke gudana, kuma ya ji tsoron kada ya jefa musu wani abu a zuci. Duhu, namiji da mace, zuciya ta cika sauran. Idan an ji wa sahabbai wannan tsoro, ina ga mu? Akwai darasi na biyu kuma: wanda ya ga za a iya yi masa mummunar fahimta, ya yi bayani, kada ya ce ai kowa ya san halina.

Hoton nan ba ƙasƙantarwa kaɗai yake yi ba, yana ɗaukaka wanda bai cancanta ba. Bukhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu (RA) cewa wani mai hali ya wuce, Annabi (SAW) ya tambayi na kusa da shi ra'ayinsu, aka ce irin wannan in ya nemi aure a ba shi, in ya roƙa wa wani alfarma a karɓa. Sai wani talakan Musulmi ya wuce, aka ce wannan ba a ba shi aure, ba a sauraron maganarsa. Annabi (SAW) ya ce talakan ya fi cikin ƙasa na irin wancan. Mu 'yan kasuwa mun san wannan a aikace. Mutum nawa a cikinmu suka ba da kaya bashi saboda shadda da carbi da "Alhaji", har yau suna jiran ciko? Mutum nawa suka aurar da 'ya saboda mota, ba su tambayi sallarsa da halinsa ba?

Kada a ɗauka muna cewa a daina taka-tsantsan. Addini bai ce ka zama wawa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Hikimar ita ce ƙa'ida ta hau kan kowa. Ka rubuta wa mai shadda, ka rubuta wa mai silifas. Idan ka yi haka ka tsare dukiyarka, ba ka kuma zargi kowa ba.

Mu da ke zaune a Kudu mun fi kowa sanin zafin wannan abu. Fiye da shekara ɗari Hausawa suna zaune a Sabo a nan Ibadan, amma har gobe akwai wanda in ya ce "aboki", hoton jahili mai saurin fushi ne a kansa, ko da wanda yake kira ɗin likita ne. Yana mana ciwo. To mu fa, wane hoto muke ɗauka idan aka ce Bayarabe ko Ibo? Me 'ya'yanmu ke ji daga bakinmu a gida? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba mu manta da kasuwar Shasha ba a watan Fabrairun 2021. Daga cacar baki tsakanin mutane ƙalilan aka kai ga asarar rayuka da ƙona shaguna da gidaje, domin kowane ɓangare ya daina ganin mutum ɗaya da ya yi laifi, ya koma ganin ƙabila. Alhali aya ta 13 ta Hujurati ta gaya mana an yi mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna, kuma mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi taƙawa. Wanda ka riga ka zana a zuciyarka ba za ka ɓata lokacin saninsa ba.

Don haka muna yi wa kanmu wasiyya da abu uku. Na farko, idan zargi ya taso maka, tambayi kanka: gani na yi, ji na yi, ko zuciyata ce ta ƙulla? Na biyu, idan ba ka da shaidar da za ka iya faɗa a gaban liman da mutumin a zaune, ka kama bakinka. Na uku, idan aka kawo maka "an ce", ka tambaya wa ya ce, kada ka zama mota ta gaba da za ta ɗauki kayan. Iyayenmu mata, ku ma a lura da abin da ake faɗa kan zawarawa da amaren da aka kawo daga gida, domin magana ɗaya tana hana mace aure ko ta kashe wanda take ciki.

Kwamitin masallaci ya sa a kafa katakon ajiye takalma daga ciki, kuma samari biyu za su riƙa tsayawa a ƙofa kowace Juma'a. Sannan muna roƙon duk wanda ya san inda yaron nan ya koma, ko ya san mutanen garinsu, ya ga Malam Liman ko sakatare bayan sallah. Muna so mu nemi gafararsa tun muna da rai, domin hakkin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai.

Allah Ka tsarkake zukatanmu daga mummunan zato, Ka tsare harsunanmu daga mutuncin bayinKa, Ka ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ka sa albarka a kasuwancinmu da zuri'armu. Amin. Wassalamu alaikum warahmatullah.

Sakataren Masallaci