Ado a Bayan Ƙwarya, Ina Amfaninsa?

A wani rani da ya wuce, bayan an gama zuba dawa a rumbu, muka shirya ɗan taro a ekklesiyarmu ta ƙauye cikin ƙasar Kibiya. Kowace Asabar da yamma a kan shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar da ke bakin majami'a. Tsofaffi mata biyu suna koya wa 'yan mata saƙar faifai. Wani dattijo da ya yi dukanci a ƙuruciyarsa yana nuna wa samari yankan fata da ɗinkin kube. Wani kuma ya hura wuta, yana zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi. Ƙananan yara suna gefe da karan dawa, suna ta ƙera mota da jirgin sama. Ba a biyan kowa, ba a karɓar kuɗin kowa, ba kuwa jarrabawa a ƙarshe.

A Asabar ta uku wani dattijon ekklesiya ya ja ni gefe, ya ce, "Fasto, ina da magana. Ƙwarya mai zane da wadda ba ta da zane, ai fura ɗaya su ke ɗauka. Taki ya yi tsada, ga kuɗin makaranta, ga na magani. Samarin nan da sun tafi Kadawa aikin tumatir, da sun komo da abin sa wa aljihu. Kwanon roba kuwa ya fi ƙwaryar nan arha a kasuwa. Ashe ba wasa ka ke koya masu ba, a ƙofar ɗakin sujada?" Na ce, "Baba, maganarka tana da nauyi. Ka ba ni lokaci in yi tunani." Abin da na rubuta a nan shi ne amsar da na samu, na kuwa kawo ta gaban masu karatu domin na san tambayar ba ta dattijon nan kaɗai ba ce.

Da fari sai mu ba shi gaskiyarsa. Mai jin yunwa ba ya cin zane. Uban da ya bar gonarsa ciyawa ta cinye domin yana ƙawata ƙwarya, ya yi wa iyalinsa laifi. Manzo Bulus da kansa ya tsauta wa masu zaman banza a Tasalonika, shi ma ya ci abincinsa daga ɗinkin alfarwa. In da taronmu yana hana noma ko karatu, da ni ne na fari da zan naɗe tabarmin. Amma tambayar ta fi wannan zurfi. Ga ta: abin da ba ya cika ciki, ba ya kuwa kawo kuɗi nan da nan, ya cancanci mutumin kirki ya ba shi lokacinsa?

Mai karatu, ka duba gidanku. Faifan da ke rufe da tuwo yana da ja da baƙi da kore, ko da ya ke farin kaba kaɗai ya isa ya hana ƙuda. Hular da ke kan dattijon da ya yi mani tambaya ɗinkin hannu ce, wani ya yi makonni yana sakin allura a kanta, alhali hular da ba ado ma tana tare rana. Uwa ta kan yi wa 'yarta kitso mai kyau ko a shekarar da hatsi bai yi ba. Kakanninmu ba mawadata ba ne, sun kuwa san yunwa fiye da mu, duk da haka ba su bar ƙwarya fara ba. Jaki ya kan ci dusa a kowane irin akushi, bai damu ba. Mutum ne kaɗai ya kan so abin da ya ke ci a ciki ya yi kyaun gani. Sabili da haka ina ganin son kyakkyawan abu yana cikin halittar ɗan adam tun asali, talaka kuwa yana da rabonsa a ciki daidai da mai arziki.

Mu da ke karanta Littafi Mai Tsarki ba za mu yi mamakin wannan ba. Wanda ya yi wa zabuwa zane, ya sa wa furen jeji launin da ba ya wuce kwana biyu, bai tambayi kowa ribar da ke ciki ba. A Littafin Fitowa sura 31 an ba da labarin Bezalel da Oholiyab, waɗanda Allah ya ba gwanintar ƙira da sassaƙa da saƙa domin aikin alfarwa ta sujada. A ina? A jeji, sa'anda jama'a ba su da gona ko rumbu, suna tsintar abinci kowace safiya. Sura 35 ta ƙara abu biyu da ya kamata mu lura da su. Mata masu gwaninta sun yi kaɗi da hannunsu suka kawo zaren. An kuma ce Allah ya ba mutanen nan biyu baiwar koya wa waɗansu. Watau gwaninta da koyarwa tare aka ba da su.

Wannan ya kawo mu ga magana ta biyu, ita ce maganar amana. Ƙasarmu ba baƙuwar aikin hannu ba ce. A labarin Hausa Bakwai, sa'anda aka raba wa garuruwa ayyuka, Kano da Rano aka ce su ne sarakunan baba, watau masu rini. Baturen nan Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kai har Timbuktu da Tarabulus. Abin da ya fi burge shi kuwa shi ne, aikin yana ciyad da iyalai ba tare da ya raba su da gidajensu ba. Rawunan 'yan Kura masu ƙyalli, waɗanda Buzaye ke nema daga cikin hamada, a maƙwabtanmu a ke rina su a buge su. Marinar Ƙofar Mata a birnin Kano, wadda a ke cewa an kafa ta a 1498, tana nan, amma karofi da yawa a cikinta babu mai tsoma hannu. A ƙauyukanmu kuwa sai ka nuna wa yaro ramin marina ya ce maka tsohuwar rijiya ce.

Ilimin nan ba a takarda ya ke ba. Yadda a ke haɗa baba da toka da katsi, yadda a ke jeme fata da bagaruwa, yadda a ke fitad da ja daga karan dafi, duka a hannun tsofaffi su ke. Ran da aka kai tsoho kushewa ba tare da ya koya wa kowa ba, an binne abu biyu a rami ɗaya. Shi ma ba da kuɗinsa ya saya ba, wani ne ya zaunad da shi ya nuna masa. To, wanda aka ba ajiya domin ya miƙa wa na baya, ya kuwa riƙe har ta lalace a hannunsa, me a ke ce da shi? Laifin kuma ba na tsofaffi kaɗai ba ne. Mu da muka yi makaranta mun koya wa 'ya'yanmu, ko da ba da baki ba, cewa mai riƙe da alƙalami ya fi mai riƙe da allura daraja. Waɗansu daga cikin iyayenmu na bangaskiya kuma, sa'anda suka rabu da tsafi, sai suka haɗa har da dandali da tatsuniya da kiɗa suka zubar, domin tsoron kada tsohuwar hanya ta komo. Niyyarsu mai kyau ce, amma tsintsiyar ta share har da abin da ba datti ba.

Magana ta uku ita ce wadda ta fi damuna, gama ta shafi samarinmu. Daga girbi zuwa faɗuwar ruwa wata biyar ne ko shida. Ba kowane saurayi ke samun aiki a fadamun da ke shan ruwan Tiga ba, ba kowa ne kuma ke da abin tafiya cin rani ba. Saura suna nan a bakin hanya, kowa ya sunkuyad da kai a kan waya, waɗansu kuma sun fara shan abin da ke juya hankali. Ni kaina na binne saurayin da ƙwaya ta kashe, na kuwa san uwarsa. Mun yi wa'azi, mun tsauta, amma hannun da ba shi da abin yi ba ya jin wa'azi sosai. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, sai dai ba da baki a ke tanƙwarawa ba, da hannu ne.

Aikin hannu malami ne da ba ya karɓar toshi. In yarinya ta yi gaggawa a saƙar faifai, faifan zai karkace, kowa kuwa zai gani. In saurayi ya yanka fata ba da awo ba, ba ƙaryar da za ta mai da ita. Marini ya san zane ya kan fito daga karofi kore-kore, sai iska ta buge shi kana ya zama shuɗi, kuma sai an tsoma an sake tsomawa kafin ya yi baƙi. Haƙuri da gaskiya da karɓar gyara, waɗanda mu ke faɗa daga bagade ran Lahadi, ga su ana koyonsu ran Asabar ba tare da an ambaci sunansu ba. Na kuma ga wani abu a gindin darbejiyar nan wanda na daɗe ban gani ba: uba da ɗa suna zaune a tabarma ɗaya, suna magana wadda ba faɗa ba ce, ba kuwa aike ba. Gwauruwar da ta ke ganin ba ta da sauran amfani a duniya, ga 'yan mata shida kewaye da ita suna ce mata, "Iya, duba nawa."

Kada kuma a ce ba a taɓa ganin irin wannan zama ya haifi abin kirki ba. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, ya sa sashen sana'a inda gwanaye ke koyad da dukanci da ƙira da sassaƙa tare da karatu. A 1952 wani Bature mai suna Michael Cardew ya buɗe wurin koyon ginin tukwane a Abuja ta dā, wadda a ke kira Suleja yanzu. A 1954 Ladi Kwali ta shiga wurin, mace da ta koyi ginin tulu a ƙauye wurin 'yar'uwar iyayenta. Tulunanta sun kai Ingila da Amurka, hotonta ne kuma a bayan takardar naira 20. A ƙasar Yarabawa, a Oshogbo, an tara samari a 1964 aka ba su fenti da takarda na 'yan kwanaki, daga cikinsu aka sami masu zane irin su Jimoh Buraimoh da suka yi suna a duniya. Amma ban kawo waɗannan domin in yi wa kowa alkawarin arziki ba. Yawancin yaranmu ba za su sayad da ko faifai ɗaya a birni ba. In muka ce kuɗi ne dalilin taron, ran da kuɗi bai zo ba taron ya mutu.

Akwai haɗari kuma, ba zan ɓoye ba. Sura 31 ta Fitowa ita ce ta Bezalel, sura 32 kuwa ita ce ta ɗan maraƙin zinariya. Gwanintar hannu iri ɗaya ce, zuciya ce ta bambanta. Ado ya kan zama fahariya, gwani ya kan raina ɗan koyo, wasa ya kan wuce iyaka ya cinye lokacin aiki. Akwai kuma tsohuwar al'adar nan ta cewa wannan sana'a ta gidan wane ce, ɗan wane ba ya taɓa ta. Bai kamata wannan ya sami wurin zama a tabarmar ekklesiya ba, gama Ubangijinmu da kansa an san shi a garinsu da aikin sassaƙa.

Ga shawarata ga ekklesiyar da ke so ta gwada. Ku fara bayan girbi, ku tsaya da faɗuwar ruwan fari. Kada ku jira baƙo ko kayan waje. Kara da kaba da yumɓu da ƙwarya suna bayan gidanku. Ku je da kanku ku roƙi tsofaffi da ladabi, gama ba za su kawo kansu ba. Ku zaunad da manya da yara wuri ɗaya. Kada a yi wa aikin kowa dariya. In maƙwabcinku Musulmi ne gwanin sana'ar, ku nemi ya koya maku, in ɗansa ya zo kallo ku matsa masa wuri, gama baba da kaba na garin duka ne.

Na kai wa dattijon amsar nan. Ya saurara har na gama, ya ce, "To, Fasto, na ji," bai ƙara kome ba. Bayan mako biyu ya biyo ta wurin a kan hanyarsa ta zuwa gaisuwa, ya tarar da jikansa yana tufka igiyar rama, tana ta warwarewa. Ya tsaya yana kallo har ya kasa daurewa. Ya ce, "Kai, ba haka a ke yi ba, kawo nan." Ya tattare riga ya zauna, bai tashi ba sai da rana ta faɗi. Har yau bai ce mani na yi gaskiya ba, ni ma ban tambaye shi ba. Igiyar dai tana ɗaure da akuyarsu.

Ya ɗan'uwa, wace sana'a ce a hannunka wadda ba ka koya wa kowa ba tukuna? Shekarunka nawa yanzu? Allah ya ba mu zuciyar miƙa abin da aka miƙa mana tun da sauran rana. Amin.