Hanta, Jini da Tawakkali a Sansanin Mango

A Sansanin Mango, tsohon zangon fataken goro da ke bakin kogin Oti a arewacin Togo, an daɗe da sanin ciwon nan da ke kumbura ciki, ido ya yi rawaya, mutum ya yi ta ramewa. Wasu su ce sammu ne. Likitoci kuwa sun san sau da yawa sankarar hanta ce, kuma manyan masu jawo ta a wannan yanki biyu ne: ƙwayar cutar hepatitis B, da gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, hanta ce ke haɗa yawancin sinadaran da ke daskarar da jini. In ta lalace, ko haƙori aka cire sai a sha fama. Wani kuma haka aka haife shi, mai hemofiliya, wanda sau da yawa sai ranar kaciya ake ganewa: wanzami ya ƙure dabararsa, jini ya ce bai san zancen ba. Irin wannan majiyyaci, tsaga masa ciki don cire ƙarin sankarar kasada ce babba.

Akwai hanya mai sauƙi a kan wannan. Likita na duban na'urar hoton ciki, ya soka siririyar allura har cikin ƙarin, ya ƙone shi da zafi. Ko kuma ya bi da ɗan bututu ta jijiyar matsematsi, ya toshe hanyar da ƙarin ke samun jini. Kafin nan sai a ƙara wa majiyyaci abin da jininsa ya rasa. Duk da haka allura ma huda ce, jini na iya ɓallewa a ciki.

To, ya yarda ko ya bar wa Allah? Dangi kan rabu biyu, wani ya ce kada a gaggauta masa, wani ya ce zama ba magani ba tawakkali ba ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Musulmi ta duba batun magani a Jidda a 1992, ta ce hukuncinsa na sauyawa: yakan wajaba in barinsa zai kai ga halaka, yakan zama makaruhi in ana tsoron ya haifar da abin da ya fi ciwon muni. Ta kuma sharɗanta amincewar majiyyaci mai hankali, abin da wasu manyan gida ke mantawa in sun zauna yanke shawara a zaure. Ke nan malami ba ya iya fatawa sai likita ya auna masa haɗarin.

Sai dai ƙonawa ta fi aiki ga ƙarin da bai wuce santimita 3 ba, mutanenmu kuwa sai ciki ya tashi suke zuwa. Asibitin Espérance da mishan suka buɗe a Mango a 2015, da na gwamnati a Dapaong da Sokodé, galibi a wannan hali suke karɓarsu, ga Lomé, babban birnin ƙasar, fiye da kilomita 500 daga Mango. A nan nauyin ya tashi daga kan majiyyaci ya koma kan jama'a, ya zama farillar kifaya. Togo ta sa rigakafin hepatitis B cikin allurar jarirai a 2008, don haka magidantan yau an haife su kafin nan. Su ne ke bukatar gwaji, mai haɗari a riƙa yi masa hoton ciki duk wata 6, ga kuma bukatar masu ba da jini tun kafin ɗan'uwansu ya kwanta. Limaman Juma'a na iya faɗar wannan a kan mumbari kamar yadda suke tunatar da zakka.