NUTSO CIKIN KANGON JIRGI: JARUMTA CE KO WASA DA AMANA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, akwai mutane a duniya da ke kashe dukiya mai yawa don su nutsa ƙasan teku su shiga cikin jiragen da suka nutse shekaru aru-aru. Yau ina so mu tsaya a kan tambaya ɗaya: wane dalili ne ya isa mutum ya ɗauki ransa ya kai shi inda ya san mai yiwuwa ba zai dawo ba?

Kafin hukunci sai an san abu, domin malamanmu na usulu sun koyar da mu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake. To bari mu fara da yadda ruwan ke aiki.

Duk mita 10 da mutum ya sauka, nauyin da ke danna jikinsa yana ƙaruwa daidai da nauyin iskar da muke zaune a cikinta. A mita 70 ya zama ninki takwas ke nan, kuma iskar silindarsa tana ƙarewa ninki takwas fiye da yadda za ta ƙare a tudu. Sannan iskar naitrojin da yake shaƙa tana narkewa cikin jini da tsoka. In ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa a jiki kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe, ta toshe jijiyoyi, ta shanye jiki ko ta kashe. Dole ya taso a hankali, yana tsayawa zango-zango, wani lokacin fiye da awa guda. Wato wanda ya firgita a can ƙasa ba shi da damar gudu sama.

Cikin kangon jirgi kuma abin ya fi muni. Duhu ne, ƙarfe ya ci tsatsa yana ruftawa, wayoyi da tarun masunta suna kama ƙafa, kuma ƙafa ɗaya in ta tada taɓo sai ƙofar da ka shigo ta ɓace maka.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wannan: daga wajen mita 30 zuwa ƙasa, ita wannan naitrojin tana bugar da mutum kamar giya. Yana jin daɗi, yana jin ya fi ƙarfin komai, alhali lissafinsa ya lalace. Kun ga hankalin da zai ce masa "juya haka nan" shi ne zurfin ke fara ɗaukewa.

A watan Oktoban 1992 wani uba da ɗansa, Chris Rouse da Chrissy Rouse, suka nutsa wajen wani jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa, a gaɓar New Jersey ta Amurka, zurfin kusan mita 70. Ba sababbin shiga ba ne, gwanaye ne. Suna neman abin da zai nuna sunan jirgin. Saboda tsadar haɗin iskar hiliyam mai rage buguwa, sai suka sauka da iska ta yau da kullum. Wani abu ya rufto ya danne ɗan a ciki, uban ya ciro shi, lokaci ya ƙure, ba su ga silindojin da suka ajiye ba, suka taso kai tsaye. Uban ya mutu jim kaɗan bayan fitowa, ɗan ya bi shi a asibiti. Gida ɗaya, rana ɗaya.

Ga kuma Andrea Doria, jirgin Italiya da ya nutse a Yulin 1956 kusa da Nantucket bayan ya yi karo da jirgin Stockholm. Fiye da masu nutso goma sha biyar sun halaka a kansa, kuma abin da da yawa ke shiga nema shi ne farantan tangaran masu tambarin jirgin. Faranti fa, 'yan uwa.

To shin nutso haramun ne? A'a. Alƙur'ani ya ambaci masu yi wa Annabi Sulaiman (AS) nutso a Suratul Anbiya'i da Suratu Sad, ya kuma lissafa kayan ado da ake cirowa daga teku cikin ni'imomin Allah a Suratun Nahli. Mutanen Bahrain da Kuwait sun rayu ƙarnoni a kan nutson lu'ulu'u. Haka kuma ba kowane shiga haɗari ne jefa kai ga halaka ba. Lokacin da wasu suka kawo aya ta 195 ta Suratul Baƙara a kan mutumin da ya kutsa cikin rundunar Rumawa, Abu Ayyub Al-Ansari (RA) ya gyara musu fahimta, ya nuna ba a kan irin wannan ta sauka ba. Don haka wanda ya ce addini yana son matsorata bai fahimce shi ba.

Misali yana nan kusa da mu. A watan Mayun 2013 jirgin Jascon-4 ya kife a tekun yankin Delta, ya kwanta a zurfin kusan mita 30. Masu nutso suka sauka don ciro gawarwaki, sai suka tarar da mai dafa abinci, Harrison Okene, da ransa, bayan kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale. Shi ma ba a fito da shi kai tsaye ba, sai da ya ƙara kwanaki a ɗaki na musamman ana rage masa matsi. Waɗannan mutane sun shiga duhu ɗaya da wanda mai neman faranti ke shiga, ruwa ɗaya, tsatsa ɗaya. Wa zai ce ladansu ɗaya?

Ni a fahimtata ma'aunin uku ne. Na farko, me ka je nema, kuma ya kai darajar rai? Ceton rai, suturta gawa, gyaran abin da jama'a ke amfana da shi, ilimi mai amfani, duk waɗannan suna da nauyi. Hoto da suna da a ce kai ne ka fara shiga ba su da shi. Na biyu, me ya fi rinjaye a zato, tsira ko halaka? An ruwaito hani ga kwana a kan soron da ba shi da katanga, alhali yawancin masu kwana a can ba sa faɗowa. In an tsawatar a kan wannan, ina ga mai sauka mita 70 da kayan da ya san ba su isa ba? Na uku, wa zai biya in abin ya ɓaci? Akwai mata, akwai 'ya'ya, akwai iyaye, akwai kuma wani bawan Allah da zai sa nasa ran a haɗari don ya ciro gawarka.

Wani zai ce: Malam, ai rai nasa ne, kuma in kwana bai ƙare ba babu abin da zai faru. Maganar farko kuskure ce, rai ajiya ce aka ba ka, za a tambaye ka yadda ka yi da ita. Ta biyu gaskiya ce aka sa a inda ba wurinta ba. Wanda ya rubuta ajali shi ne ya umarce mu da riƙo da sababi, kuma Sayyidina Umar (RA) ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, bai ɗauki haka a matsayin raunin imani ba.

Masu nutso na ƙwarai suna yanke shawararsu tun suna tudu: zurfi kaza, minti kaza, in iska ta kai kaza na juya ko da abin da na zo nema yana gaban idona. Ba sa barin shawara sai sun isa inda hankali ke gushewa. Wanda ya kasa sa wa kansa wannan iyaka, to jarumtarsa ita ce ya zauna a cikin kwalekwale.

Allah ya tsare mana rayukanmu, ya sa mu kashe su a inda ya yarda. Wallahu A'alam.