Wa Zai Duba Mai Duba Jama'a?

Kowane gari yana da mutanen da akan tasa cikin dare in ciwo ya tashi. A Rawayau, cikin ƙasar Kurfi, tun zamanin kakanni akwai ungozoma da wanzami da maɗori. Daga baya aka sami malaman asibiti da duba-gari na En'e. Yanzu kuwa ga 'yan ƙasa, maza da mata, waɗanda suka koyo kiwon lafiya a makarantu irin ta Kankiya, suka komo gida suna aiki. To, su waɗannan masu duba jama'a, wa ke duba su, kuma da wane irin ido?

A bisa tsari akwai babba da kan zo rangadi daga ƙaramar hukuma. Ya buɗe littafi, ya ƙirga yaran da aka yi wa rigakafi, ya duba ko magani ya lalace, ya sa hannu, ya hau babur. Wannan aiki ba abin rainawa ba ne, gama asibitin da ba a bincika littafinsa ba ya daɗewa bai zama kango ba. Amma akwai kayan da 'yar gari ke ɗauke da su waɗanda ba sa shiga littafi.

Ga misali. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura mata da yawa zuciyarsu takan gaza bayan haihuwa, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Suka ga abin yana da alaƙa da yawan kunun kanwa, da zafin wankan jego, da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta. An koya wa ma'aikaciya wannan a makaranta. Sai ta shiga gidan mai jego, ta tarar mai dama kunun gwaggonta ce, wadda ta goya ta. Ba ta da bakin cewa, "Ku daina," yadda baƙuwa za ta faɗa ta fita abinta. Sai ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi kwanan jinjiri, sa'an nan ta ce, "Gwaggo, ƙafafun nan nata sun fara hawa, ko a ɗan rage mata kanwar mu gani?" Wata rana a ji. Wata rana a ce, "Ke yaushe aka haife ki?" In ta matsa, a ce boko ya cire mata kunya. In ta yi shiru har mai jego ta galabaita aka kwashe ta zuwa asibitin Dutsin-Ma, na sama ya ce ba ta yi aikinta ba. Gaba kura, baya sayaki.

Ban da wannan ga riƙon asiri. Ta san wadda ke ɓoye cikin fari don kunya, ta san mai ciwon da ba a faɗi, kuma da su take haɗuwa a bakin rijiya da wurin suna. In yaron da ta yi wa allura ya rasu da wata cuta dabam, ita za ta je ta'aziyya ta zauna cikin mata masu kallonta. Baƙo yana iya neman a canja masa gari, ita kuwa nan aka binne cibiyarta.

Wani zai ce ai albashi ake biyanta, sauraron kukanta shagwaɓa ce. Mai faɗin haka ya tuna da shan inna. A 2003 aka dakatar da rigakafinsa a Kano da wasu jihohi saboda zargi, masu ɗiga magani suka sha kora daga ƙofar gidaje. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya. Daga nan wadda aka rufe wa ƙofa ta sami mai unguwa da dagaci da liman a bayanta. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka. Maganin yana nan tun farko, goyon baya ne aka ƙara.

Ko a Ostareliya haka aka gano. 'Yan asalin ƙasar, da ake kira Aborijin, sun buɗe asibitin kansu a birnin Sidni a 1971, kuma a wurare da dama akan haɗa ma'aikacinsu da wani babba daga cikin mutanensa, su riƙa zama suna tattauna nauyin yi wa dangi aiki.

Amma fa akwai haɗari. Babban da ya san al'ada har ya ji tsoronta, ya bar kanwa da yankan gishiri suna ɓarna don kada a ga baƙinsa, gara mai ƙirga da shi. Wanda ake bukata shi ne mai iya bambanta al'adar da za a lallaɓa da wadda za a tsaya a hana, ya kuma ɗauki fushin gari bisa kansa maimakon ya bar wa ƙaramar ma'aikaciya. Inda mai rangadin namiji ne, akwai maganar da kunya ba za ta bari ta faɗa masa ba. Nan sai a nemi tsohuwar ungozomar asibiti wadda ta huta da aiki, su riƙa zama ko sau ɗaya a wata, kuma abin da aka faɗa a wurin kada ya shiga littafin rangadi.