Malaman Firamare, Ku Ɗaga Kai

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito, akwai abin da nake gani a garin nan na Bauchi da ke sosa mini rai. Makarantun kuɗi su buga hotunan yaransu a ƙyallen talla, kowane yaro da makinsa a ƙarƙashin haɓa, a rataya a bakin titi tun daga Wunti har Yalwa. Malamin firamaren gwamnati kuwa ya zo wucewa a kan ɗan babur ɗinsa, ya kau da kai kamar mai bashi ya hango mai binsa. Malam, ɗaga kanka. Malama, gyara zama. Da ku nake yau.

Ba daɗin baki na zo yi muku ba, don alƙaluman ba su da daɗin ji. A 2013, da aka fitar da makin shiga kwalejojin gwamnatin tarayya, jarrabawar nan da hukumar NECO ke shiryawa, ɗan Anambra sai ya ci 139 cikin 200 kafin a dube shi. Ɗan Bauchi kuwa 35 ta ishe shi. Wasu sun ɗauki wannan gata ne. Ni ban ga gata ba. Wanda aka sauke wa igiya har ƙasa aka ce ya tsallaka, ai an gaya masa abin da ake zato game da ƙafarsa. Kuma yaron da ya shiga kwalejin tarayya ta Azare da irin wannan maki, ko yarinyar da ta shiga ta 'yan mata a nan Bauchi, benci ɗaya za su zauna da mai ɗari da talatin da tara, allo ɗaya za su kalla.

A 2013 ɗin dai aka yi wani gwaji a makarantun Bauchi da Sakkwato, wanda a ganina ya fi waccan jarrabawar tona asiri. Ga yadda ake yin sa. A kira yaro shi kaɗai, a zaunar da shi a baranda ko gindin darbejiya, a miƙa masa takarda, a danna agogo. Minti ɗaya. Ya fara da haruffa, har ya kai ga ɗan gajeren labari cikin Hausar da yake magana da ita a gida. Idan ya kasa layin farko, sai a yi masa godiya a karɓe takardar. Mafi yawan 'yan aji biyu da aka gwada, ko kalma ɗaya ba su iya karantawa ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Yaron da ya faɗi a aji shida, ba a aji shida ya faɗi ba. Tun a aji biyu ya faɗi, sai dai babu wanda ya rubuta. Mu kuwa mun saba, sai zangon ƙarshe ya matso a tara 'yan aji shida lesin har la'asar, ana haddace tsofaffin tambayoyi, ana koya musu yadda ake cike ɗan da'ira da fensir. Fafe gora ranar tafiya ke nan. Wanda bai iya karanta tambaya ba, ko fensirin zinari ka ba shi, canki-canka zai yi.

Saboda haka ke Malamar aji ɗaya, da ake yi wa kallon mai rainon yara, mai share majina da raba faɗa a kan alli, ki sani makin makarantarku a hannunki yake. Ranar da yarinya ta ɗora yatsa a kan "ba", ta matsa zuwa "ki", ta yi shiru tana motsa leɓe, sannan ta ɗago da ido ta ce "baki!" tana taɓa nata, a ranar aka ci jarrabawar da za a zauna bayan shekara biyar. Babu mai buga hotonki a bakin titi. Amma Allah ya gani, uwar yarinyar ma za ta gani ranar da ta karanta mata takardar asibiti. Ku kuma hedimastoci, ku daina tura malamin da kuka fi rainawa aji ɗaya. Gwaninku za ku kai can.

Muna da sa'ar da ba kowa ke da ita ba: Hausa yadda ake faɗarta haka ake rubuta ta, ba kamar Turanci ba, da za a rubuta harafi a ce kada ka furta shi. Kuma ba daga sifiri za a fara ba. Shirin nan da Amurka ta tallafa a Bauchi da Sakkwato ya kawo littattafan Mu Karanta, ya horar da malamai a kan hanya mai sauƙi: malami ya yi, a yi tare, yaro ya yi shi kaɗai. Na taɓa shiga wata makaranta na tarar da littattafai a kulle a kabad, wai kada yara su yaga. Ku buɗe kabad ɗin. Gara littafi ya yage a hannun yaro da gara ta cinye shi a ɗaki.

Na san abin da za ku ce. Aji ya cika har bakin ƙofa, wasu a ƙasa. Albashi ba ya kai tsakiyar wata. Da damina yara na gona, da rani ana talla a kasuwar Muda Lawal. Duk gaskiya ne, kuma ku ci gaba da neman haƙƙinku ta bakin ƙungiyarku, kada ku sassauta. Amma ku tuna garin da kuke. Abubakar Tafawa Ɓalewa, da ya gama kwalejin Katsina a 1933, nan ya dawo ya ɗauki alli a Midil ta Bauchi, har ya zama shugabanta, kafin ya zama Firayim Minista a 1957. Malam Aminu Kano a wannan makarantar ya koyar, a nan ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur suka riƙa tayar da mutane daga barci. Duk wanda ya riƙe alli a Bauchi, gadon waɗannan ya riƙe. Ina abin sunkuyar da kai?

Abu ɗaya nake roƙonku da girman Allah. Ranar jarrabawa, kada hannunku ya rubuta wa yaro amsa, a allo ko a ɓoye, ko da wa ya sa ku. Makin sata kan ɗaga sunan makaranta na mako guda, ya bar yaro da kunyar shekara shida a sakandare. Arba'in ta gaskiya ana iya ɗorawa a kanta.

Ranar Litinin, bayan kin kira rajista, Malama, ki jawo yaron nan na bencin baya da ba ya taɓa ɗaga hannu. Ki ba shi layi ɗaya ya karanta miki. Idan ya kasa, kada ki ɗauko bulala, ki jawo masa kujera kusa da taki. Ki yi haka da yara biyar kullum har ƙarshen zango, ki rubuta inda kowa ya tsaya a bayan rajistarki. Allah ya ƙara muku ƙarfi, ya sa albarka a allinku.