Mutunci a lokacin yunwa: wa ke biyan kuɗin ƙin durƙusawa?

Bahaushe ya ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Shi ne kuma ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Karin maganar biyu suna zaune lafiya a bakin mutane muddin rumbu na cike. Ranar da hatsi ya ƙare, ya zamana sai an ƙasƙantar da kai kafin a sami abin sa wa baka, sai su tsaya suna harara juna, dole mutum ya zaɓi ɗaya. Finafinai biyu da suka cancanci a sake kallonsu sun tunkari wannan zaɓi gadan-gadan: ɗaya zane ne mai motsi daga ƙasar Japan, irin wanda matasa ke kira anime, ɗayan kuwa fim ne na Senegal.

Na farko shi ne Hotaru no Haka, wanda masu jin Faransanci suka sani da sunan Le Tombeau des lucioles, wato kabarin makesu, ƙwaron nan mai ƙyalƙyali da dare. Isao Takahata ya shirya shi a kamfanin Ghibli, ya fito a shekarar 1988. Kasancewarsa zane kan sa wasu iyaye su ɗauka abin lallashin yara ne, har sai sun zauna sun gani da idonsu. Labarin ya faru a birnin Kobe a shekarar 1945, watannin ƙarshe na Yaƙin Duniya na Biyu. Jiragen Amurka sun yi wa birnin ruwan bama-bamai masu tada gobara, uwar Seita, ɗan shekara 14, da ƙanwarsa Setsuko, ƴar shekara 4, ta rasu sakamakon ƙuna. Ubansu hafsan sojan ruwa ne, yana bakin daga, ba a jin ɗuriyarsa. Marayun suka koma riƙon wata gwaggonsu ta nesa a garin Nishinomiya.

Da farko an karɓe su hannu bibbiyu. Da abinci ya fara wuya, sai fuska ta sauya. Gwaggon ta sa aka musanya rigunan mamaciyar da shinkafa, sa'an nan wajen rabo ta riƙa cika kwanon ƴarta da na ɗan hayar gidan, wai su ne ke yi wa ƙasa aiki, marayun kuwa sai romo da gori. Seita ya sayi ɗan murhu ya ware tukunyarsa. Da gorin ya ishe shi, ya kwashe ƴan komatsansu a amalanke, ya koma da ƙanwarsa wani ramin fakewa daga bama-bamai da aka yi watsi da shi a bakin tafki. Kwanakin farko sun yi daɗi: ba mai tsawa, ba mai harara, ga makesu cike da gidan sauro suna haskaka musu dare. Washegari ƙwarin suka mutu, yarinyar ta haƙa musu kabari, a nan ne yayanta ya gane cewa ta daɗe da sanin mutuwar uwarsu.

Daga nan sai gangara. Wani manomi ya ba Seita shawara ya haɗiye fushinsa ya koma ya ba gwaggon haƙuri, domin a wannan lokaci rabon abincin gwamnati ta hannun ƙungiyoyin unguwa yake bi, wanda ya fita daga cikin jama'a ya fita daga rabo. Yaron bai koma ba. Ya shiga satar amfanin gona, aka kama shi aka lakaɗa masa duka. Likita ya duba yarinyar ya ce ba abin da ke damunta sai rashin abinci. Ranar da Seita ya je banki ya kwaso ragowar kuɗin uwarsu, a nan ya ji cewa Japan ta miƙa wuya, jiragen ruwan da ubansa ke ciki kuma an nutsar da su. Ya dawo da abinci ya tarar da Setsuko kwance tana tsotsar ɗan dutsen wasa tana zaton alawa ce. Ya sa mata yankin kankana a baki, ta yi barcin da ba ta farka ba. Shi ma ya cika a tashar jirgin ƙasa ta Sannomiya ranar 21 ga Satumba 1945, ba abin da aka samu a jikinsa sai gwangwanin alawa mai ɗauke da tokar ƙanwarsa.

Masu kallo kan rabu gida biyu. Wasu na ɗora laifin kan gwaggo, macen da ta ci shinkafar marayu ta bi su da baƙar magana. Wasu na ɗora shi kan yaron, suna cewa girman kan ɗan hafsa ne ya kashe yarinya, tun da ba wanda ya kore su, kuma romon gidan gori ya fi yunwar bakin tafki. Kowane ɓangare na da hujja, amma kowannensu ya yi gaggawar neman mugu guda ɗaya don ya huta da tunani. Takahata da kansa, wanda ya rasu a 2018, ya sha musanta cewa fim ɗinsa wa'azi ne kawai na ƙin yaƙi. Abin da ya fi damunsa shi ne makomar yaran da suka yanke hulɗa da jama'a suka yi ƙoƙarin rayuwa su kaɗai. Akiyuki Nosaka kuwa, marubucin gajeren labarin 1967 da aka gina fim ɗin a kai, ƙanwarsa ta mutu da yunwa a hannunsa a 1945, ya kuma amsa a fili cewa bai kai Seita kirki ba, domin yakan ci rabon da ya kamata ya bar mata. Labarin neman gafara ne, ba na yabon kai ba.

Fim na biyu, Guelwaar, na Usman Sembène ne, ya fito a 1992. Pierre Henri Thioune, wanda ake yi wa laƙabi da Guelwaar, dattijo ne Kirista mai kaifin harshe. A wani bikin rabon kayan agajin abinci, gaban manyan ƙasa da baƙi masu bayarwa, ya miƙe ya ce al'ummar da ta mayar da bara sana'a tana kashe mutuncinta da na jikokinta. Bai daɗe ba aka yi masa dukan da ya zama ajalinsa. Kuskuren takarda a ɗakin ajiye gawa ya sa aka binne shi a maƙabartar Musulmi, kuma yawancin fim ɗin ya tafi ne kan yadda za a tono shi ba tare da an zubar da jini tsakanin maƙwabta ba. A ƙarshe, ana hanyar dawowa da gawar, matasa suka tare motar agaji, suka farke buhuna, suka zubar da hatsin a ƙasa, amalanken gawa ya bi ta kai.

Wannan ƙarshe kan tada tsigar jiki, kuma da wuya ɗan Sahel ya kalle shi bai ji wani abu ba, ko ya ga fari na 1973 zuwa 1974, ko na 1984, ko layin uwaye da jarirai a cibiyoyin ciyarwa na jihar Maraɗi a 2005. Sai dai Sembène bai bar jaruminsa ya tsira da farar riga ba. Gidan Guelwaar da kuɗin ƴarsa Sophie yake ci, ita kuwa karuwanci take yi a Dakar, kuma uban ya sani, ya ma gwammace hakan da a ce iyalinsa na miƙa hannu. Matarsa Nogoy Marie ta shimfiɗa kwat ɗinsa a kan gado, ta tsaya tana faɗa wa tufar da ba kowa a ciki abin da ya daɗe yana cin ranta: shi ya tafi da suna da kirari, ita aka bari da ɗa gurgu, da wani ɗan da ya zama Bafaranshe, da ƴar da ke sayar da kanta.

A nan finafinan biyu suka haɗu, duk da nisan Kobe da Senegal. A kowannensu namiji ne ya ƙi durƙusawa, a kowannensu kuma ƴa mace ce ta biya, ɗaya da ranta, ɗaya da jikinta, ba tare da an nemi shawararta ba. Saboda haka tambayar ba ita ce ko mutunci ya fi rai ba. Mutum na da ikon ya amsa wannan a kan kansa, kuma tarihi na girmama waɗanda suka zaɓi mutuwa a kan wulaƙanci. Tambayar ita ce ko yana da ikon ya amsa ta a madadin wanda ke ƙarƙashin kulawarsa. Wanda aka damƙa wa amanar ƙaramin yaro ba shi da cikakkiyar mallakar fushinsa, domin cikin da zai kwana da yunwa ba nasa ba ne shi kaɗai. Da Seita ya koma ya durƙusa wa gwaggo don Setsuko ta sami ko da romo, da bai zubar da mutunci ba. Da ya nuna irin mutuncin da ya fi wuya, na wanda ya shanye gori saboda wani.

Akwai mai cewa wannan hukunci na buɗe wa azzalumi ƙofa: in har kowa zai haƙura saboda ƴaƴansa, ba ranar da za a ce wa mai gori ya isa, kuma al'umma za ta dawwama da ƙoƙon bara. Maganar na da nauyi, kuma ita ce gaskiyar Guelwaar. Amma akwai bambanci tsakanin ƙin da ke shiga cikin jama'a da ƙin da ke ficewa daga cikinta. Guelwaar ya yi magana a bainar mutane, ya kira manya su sake tunani, ya kuma sa nasa ran a gaba. Wannan ɓangaren nasa abin girmamawa ne, laifinsa yana cikin gida, inda ya bar wata ta ɗauki kayan da ya ƙi ɗauka. Seita bai nemi gyara kome ba, ya dai janye zuwa inda ba mai ganinsa. Ƙin wulaƙanci yana zama nagarta ne idan mai yinsa ya fara da biyan nasa kason, kuma idan yana da wata hanyar ciyar da waɗanda ya hana karɓa. Zubar da hatsin agaji na da ma'ana ga mai niyyar noma. Ga wanda bai tanadi iri ba, ɗaukar alhakin mayunwata ne kawai.

Duk da haka, bai dace a tsaya kan yaro ɗan shekara 14 a yanke masa hukuncin manya ba. Abin da ya fi tsoratarwa a fim ɗin Takahata shi ne yawan manyan da suka ga yaran suka wuce: gwaggon da ta tsaya bakin ƙofa tana kallon tafiyarsu ba ta hana ba, likitan da ya faɗi cuta bai tambayi inda za a sami magani ba, ɗan sandan da ya tausaya ya sallami yaron bai bi sawunsa ba, matafiyan da suka riƙa kauce wa jikinsa a tasha. Ba ɗayansu da ya yi kisa, kowa ya yi abin da ya ga ya wajaba a kansa ya tsaya nan. Mai bayarwa da gori yana da kaso a cikin girman kan mai karɓa, domin shi ya sa abinci ya yi ɗacin da yaro ya gwammace yunwa.

Malamin da ya nuna wa ɗalibansa waɗannan finafinai zai ji sun yi saurin rabuwa, masu tsine wa gwaggo da masu zargin Seita, masu tafa wa Guelwaar da masu jin zafin hatsin da aka zubar. Zai fi amfani ya jinkirta ƙuri'ar, ya tambaye su wanda ba a ji ta bakinsa ba a kowane labari, sa'an nan ya tambaye su ko a unguwarsu akwai ɗan riƙon da ake miƙa wa kwano ana haɗawa da magana, da kuma wanda ya san da shi cikin maƙwabta.