'Yar Tsanar Gwanjo: Ina Gyara Ya Tsaya, Ina Algus Ya Fara?

'Yar'uwa mai karatu, a wannan fitowa ina so mu tattauna a kan wata tambaya da wata maƙwabciyata ta kawo mini a nan Mabera, wadda da farko na ɗauke ta ƙaramar magana, sai da na kwana da ita na ga ashe ta shafe mu gaba ɗaya.

Wannan baiwar Allah mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar. Cikin 'yan sana'o'in da take taɓawa har da sayen 'yan tsana na roba, waɗanda yaranmu ke kira 'yar bebi, daga wurin masu buɗe dilar gwanjo. Takan aika a tsinto mata waɗanda aka tura gefe: mai gashi a cukurkuɗe, mai hannu a cire, wadda wani yaro a can ƙasar Turai ya zane wa fuska da biro. Sai ta zauna ta gyara su, idan Sallah ta matso mata su riƙa shigowa gida suna saye.

Na taɓa zama na kalli aikin, kuma wallahi aiki ne. Takan fara da ruwan ɗumi da sabulu da ɗan Dettol, ta bi lunguna da tsohon buroshin haƙori. Ba ta kai bilic kusa da fuska, don yana cin fentin ido da leɓe. Gashin kuwa sai ta jiƙa shi, ta shafa masa mai, ta riƙa tajewa daga ƙarshe tana hawa sama a hankali, sannan ta tsoma shi cikin ruwan zafi ya miƙe. Mai jikin yadi takan farke ɗinkin baya, ta zazzage tsohuwar audugar, ta wanke yadin, ta cusa sabuwa ta ɗinke. A inuwa take shanya, domin ranar Sakkwato tana koɗar da roba. Daga ƙarshe ta ɗinka mata riga da ɗankwali da ƙyallen atamfar da take karɓowa wurin teloli. Idan ta gama, sai kin rantse daga kanti aka fito da ita.

To a nan tambayar take. Ta ce da ni: "Malama, mi addini yac ce ga wanga al'amari? In nag gyara ta nas sa ta leda, mai saye taz zo ba ta tambaye ni ba, ni ko ban ce mata sabuwa ta ba, ina da laifi?" Na ce, "Yaya, ba ni kwana biyu in duba."

Kafin nan, na san wata za ta ce ai ita kanta 'yar tsanar ce abin tambaya, tunda surar mutum ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha (RA) tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW). A ruwayar Abu Dawud, ya ga wani doki mai fukafukai na ƙyalle a cikinsu, ya tambaye ta, amsar da ta ba shi ta sa shi dariya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz (RA) ita ma ta ba da labarin yadda suke yi wa yara abin wasa da ulu ranar Ashura don su shagala har a sha ruwa. Da irin waɗannan ne Alƙali Iyad, babban malamin Malikiyya, da jama'ar malamai suka keɓe abin wasan yara mata daga hanin surori, saboda yana koya musu raino. Akwai malaman wannan zamani da suka ƙi na roba masu cikakkiyar sura, suka fi son na ƙyalle irin wanda iyayenmu ke naɗa mana, ko na kara. Wadda ta bi wannan don tsantseni ba a zarginta. Amma ba wannan ce tambayar maƙwabciyata ba.

Shi gyara a kan kansa babu abin kunya a cikinsa. Nana A'isha (RA) ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa da hannunsa. Matar da ta ɗauki abin da aka yar, ta wanke, ta ɗinke, ta mai da shi abin da zai faranta ran yarinya, ta kuma ciyar da marayu da kuɗin, ta yi abin yabo ta fuska uku. Ladan wahalarta kuma halal ne ta ɗora shi a kan farashi, babu mai cewa ta sayar yadda ta saya.

Sai dai ki lura, 'yar'uwa, gyara iri biyu ne ko da hannu ɗaya ya yi su. Akwai wanda ke kawar da aibi, akwai wanda ke rufe shi. Dattin da aka wanke ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Amma hannun da ya karye aka liƙe da gam aka sa riga mai dogon hannu a kai, karayar tana nan, jira take yarinya ta ja shi sau biyu. Na farko an amfanar da mai saye. Na biyu idonta kawai aka rufe.

Na koma Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda da yawanmu muka karanta a makarantun zaure da na Islamiyya. A babin ciniki ya hana algus da yaudara da ɓoye aibi, sannan ya kafa ma'auni mai sauƙi: duk abin da ke jikin haja wanda da an ambace shi mai saye zai ƙi, ko kuwa kuɗin zai ragu, to bai halatta a yi shiru a kansa ba. Ki auna tambayar Yaya da wannan. Me ya sa ba ta son cewa gwanjo ce? Saboda ta san idan ta faɗa za a rage kuɗi. Ashe ke nan wani ɓangare na kuɗin da take karɓa ba na wanki da ɗinki ba ne, na shirun ne.

Za ki iya cewa ai ba ta yi ƙarya ba, bakinta bai furta komai ba. To mai hatsin da ya zo a hadisin Muslim shi ma bai furta komai ba. Ya dai sa jiƙaƙƙen a ƙasa busasshen a sama, Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu ya ji danshi, ya tambaye shi me ya hana ya ɗora shi a sama mutane su gani, ya kuma kira abin algus. Haka wanda ke ƙin tatsar akuya kwana biyu don hantsarta ta cika kafin ya kai ta kasuwa, shari'a ta ba mai saye damar mai da ita. Ashe tsari ma magana ne. Sabuwar leda da aka liƙe bakinta da wuta tana faɗin abin da baki ya ƙi faɗa.

Akwai hujja ta biyu wadda ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta hana ni barci. Mai saye ta ji daɗi, yarinyarta ta ji daɗi, 'yar tsanar ma wataƙila ta fi sabuwar ta kasuwa ƙarko, domin yawancin na gwanjo robarsu ta fi kauri. To wa aka cuta? Amsar da na samu ita ce, an ƙwace wa mai saye zaɓinta. Ciniki a Musulunci a kan yardar juna yake, kuma mutum ba ya yarda da abin da bai sani ba. Wataƙila da ta sani za ta saya, wataƙila tana ƙyamar abin da yaron da ba ta sani ba ya tsotsa. Ita ke da ikon yanke wannan, tunda kuɗinta ne kuma ɗiyarta ce.

Abin mamaki, har waɗanda ba Risala suka karanta ba sun kai ga wannan. A Amurka da Turai akwai manya da ke tara tsofaffin 'yan tsana kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi. Barbie da kamfanin Mattel ya fara fitarwa a 1959 a kan dala 3, yau ta farkon idan tana da kyau dubban daloli ake sayenta. A birnin Lisbon na Fotugal akwai shagon da ake kira asibitin 'yan tsana, wanda ke gyara tun 1830. A wurin masu tarawa, wadda aka sake wa fenti ko aka dasa wa sabon gashi ba ta kai darajar wadda ba a taɓa ba, don haka mai sayarwa na ƙwarai yakan lissafa duk inda ya taɓa, wanda ya ɓoye kuwa sunansa ne ke ɓaci.

Wata ɗalibata a ajin matan aure ta ce, "Malama, ba an ce mu suturta ba?" An ce, amma aibin mutum. Idan kika rufe asirin 'yar'uwarki ba ki ci haƙƙin kowa ba, mutuncinta kika tsare. Idan kika rufe aibin haja kuwa, aljihun wata kika taɓa. Shi ya sa ko aibin mutum, idan ya zo ga maganar aure aka nemi shawararki, shiru ya daina zama sutura, domin yanzu akwai wanda zai ɗauki nauyin abin da kika ɓoye.

Kyauta fa? Idan ke kika gyara wa ɗiyarki, ba ciniki ba ne, ba sai kin yi shela ba. Amma idan ta tambaye ki, kada ki ce sabuwa ce. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir (RA) ta kira shi da alkawarin za ta ba shi abu, Manzon Allah (SAW) ya sanar da ita da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Yarinyar da kika ce wa sabuwa ce ta koyi abu biyu a lokaci guda: gwanjo abin kunya ne, kuma ƙarya ce maganin kunya. Gara ki zaunar da ita ku wanke tare, ta riƙe miki zare, ta zaɓi ƙyallen rigar. Ni ban ga yarinyar da ta raina 'yar tsanar da ta taje da hannunta ba.

Da na koma na gaya wa Yaya, ta yi shiru, can ta ce, "To Malama, ribar ta za ta ragu." Na ce za ta ragu, ban ɓoye mata ba. Abin da na iya tuna mata shi ne hadisin Bukhari da Muslim da ya nuna masu ciniki idan suka yi gaskiya suka bayyana ana sa musu albarka, idan suka ɓoye albarkar ta tafi. Yanzu ta daina liƙe leda. Tun mai saye ba ta zauna ba take cewa gyararru ne, mai liƙi kuma ta ɗaga hannun riga ta nuna. Wasu sun juya sun tafi, wannan gaskiya ne. Wasu kuma sun fara kawo mata na yaransu da suka lalace ta gyara su biya ta.

'Yar'uwa, mu da yawa muna da 'yar sana'a a cikin gida: mai sayar da atamfa, mai turaren wuta, mai kayan ɗakin da aka sake wa fenti, mai sayar da tsohon firjinta. Kafin ki miƙa haja ki tambayi kanki: akwai abin da nake fatan kada ta tambaye ni? Idan akwai, shi ne abin da ya kamata ki fara faɗa.

Allah Ya tsarkake mana abincinmu, Ya sa wa sana'o'inmu albarka, Ya jiƙan mazan da suka riga mu, Ya raya marayunsu. Wassalamu alaikum.